Masu Tafiya da Masu Aike a Arewa

A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara babban mutum ya riƙa motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako. Da za a karanta wa matar garin Gesheme wannan tana tsakiyar surfe, da sai ta jingine taɓarya ta yi dariya, don ita kafin azahar ta Talata ta cika mudunta har da gyara. Ta ɗauko jarka mai lita 25 a ka, ga goyo a baya, ta yi sussuka, ta yi daka, ta kai fura gona. Ciwon ƙugun da ke biyo baya kuwa, babu shi a lissafin hukumar.

Ɗan lambun Dallol Mawri ma haka. Ko da injin ban-ruwa ya shigo, buhun dankalin Turawa bai koyi hawa amalanke da kansa ba.

A cikin garin Dogondutsi ne ake samun gwanayen zama. Akwai ɗan fada, wanda hannunsa na dama kaɗai ke aiki: ya ɗaga buta sama, ya tsiyayo shayi, ya mayar, har kumfa ta tashi, na farko, na biyu, na uku. Inuwa ce kawai ke iya tayar da shi, in ta gusa ya ja benci ya bi ta. Maƙwabcinsa ɗan kokawar baki ne. Ya haddace tarihin gasar kokawa ta takobi tun daga 1975 a Tawa, in Isaka Isaka na Dosso ya shiga fili sai ya rungume rediyo yana gumi, yana faɗin dabarar da ta kamata a yi. Rabonsa da durƙuso tun yana lakkol.

Sai abokin kabu-kabu. Shagon da zai je yana hango ƙofarsa, amma ya gwammace ya tsaya a bakin titi cikin rana yana jiran moto. Dutsen Tozon Bijini na bisa kansa tun haihuwa, bai taɓa hawa ba. Baƙin Yamai ne ke hawa, su ɗauki hoto, su sauko suna haki.

Wanda ya fi ban tausayi shi ne Alhaji mai aike. Shekara da shekaru goro, buta, har wayar da ke gefen tabarmarsa, sai an kira yaro ya miƙo. Ranar da likita ya auna shi ya ce hawan jini ne, a rage gishiri, a riƙa takawa, sai ya ɗaure ya fita da yamma kan hanyar Ƙonni. Nan ya gane cewa a garin da aka san ka da mota, tafiyar ƙasa labari ce. Mai moto na farko ya taka birki: "Alhaji, lafiya? Motar ce ta lalace?" Na biyu ya sauka ya rantse ba zai wuce ya bar babansa a ƙasa ba. Kafin magariba zance ya kai Matankari cewa kasuwa ta juya masa baya, har wani ɗan'uwa ya bugo waya yana jaje.

Alhaji dai bai karaya ba, ya sa an sayo masa takalmin gudu daga Yamai, fari ƙal. Yaron gidan ne ke sa shi yanzu, in an aike shi sayen maganin hawan jinin.