Jama'ar Tasha da Baƙin da Suke Jira

Kano ba ta da tasha guda da za a nuna a ce ita ce uwa. Wanda ya biyo hanyar Zariya zai sauka Naibawa ko Unguwa Uku, mutanen Katsina da Daura da 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun fi sanin Ƙofar Ruwa, na Haɗeja ya faɗo 'Yankaba, manyan motocin Kudu kuma su juye nasu a Sabon Gari. Tun 1911 da layin dogo ya iso garin ake sauke baƙi da akwati a ka, kafin nan ma ayarin fatake na yada zango a Fagge. Wuraren sun bambanta, amma jama'ar da ke jiran baƙo a bakin ƙofa iri ɗaya ce a ko'ina.

Na farkon da zai tarbe ka shi ne ɗan kamasho. Bai san inda za ka ba, amma ya riga ya san motar da za ta kai ka. Kafin ka gama miƙe ƙafa jakarka ta yi gaba a kafaɗarsa, kai kuma dole ka bi ta. "Alhaji, saura mutum ɗaya!" A bakinsa kowa Alhaji ne, har wanda ko filin jirgi bai taɓa raka wani ba. Ka leƙa motar, ka ga ta kusa cika, ka biya, ka zauna. Can na kusa da taga ya ce bari ya kama ruwa, daga nan ba ka ƙara ganinsa ba. Jim kaɗan na bayanka ya tuna bai sayi burodi ba. Waɗannan zaman mota ne sana'arsu, su cika ido har fasinjan gaske ya zo ya maye gurbinsu. Gwaninsu shi ne mai carbi a hannu, yana ta tsaki yana duba agogo: "Haba direba, a tashi mana, muna da uzuri!" Duk motar ba wanda ya kai shi gaggawa, alhali iyakar tafiyarsa rumfar mai shayi. A yi wa ɗan kamasho adalci dai, ba ɓarawo ba ne, lokacinka kawai yake ci. Kuma yana da na gaba da shi. In jaka ta yi ɓatan dabo a hannunsa, akwai ofishin ƙungiyar direbobi a cikin tashar, can aka san sunansa da layin da yake wa lodi.

Wanda ba shi da ofishi shi ne Malam Ashe-Kai-Ne. Zai tsaya a gabanka ya riƙe baki don mamaki. "Ikon Allah! Ba kai ne ɗan gidan Alhaji ba?" To wane gari ne babu Alhaji? Kai da bakinka za ka cike masa sunan, ka ƙara da na unguwa, har ka sanar da shi rasuwar da aka yi bara, ya yi salati ya jajanta maka da idanu jajur. Kafin a gama gaisuwa ya san atamfa ka zo sara a Kantin Kwari, ya san ba ka da masauki, ya kuma tuna da wani ƙaninsa mai shago da zai yi maka ragi.

Akwai kuma mai gargaɗi, bawan Allah mai kishin jama'a. A tsakiyar turmutsitsi zai ɗaga murya: "Jama'a a kula da aljihu, akwai 'yan sane a wurin nan!" Nan take kowa ya dafa inda kuɗinsa yake, wannan ƙirji, wancan cinya, wata ta taɓa bakin zani. Abokin aikinsa na gefe yana kallo, an rage masa wahalar lalube.

Shi kuwa mai guzurin da ya yanke, tun bara yake neman cikon kuɗin motar Gusau, har yau bai cika ba. Ka ba shi don Allah in ka ga dama, amma daga canjin aljihun gaba. Kada ka zaro dami a gabansa kana neman ƙaramar takarda.

Sai dai duk waɗannan ba sa cin kasuwa sai baƙo ya buɗe musu ƙofa, kuma kowane baƙo da irin tasa ƙofar. Ga Sarkin Sani, wanda ya taɓa zama a Kano wata uku, saboda haka ba mai gaya masa komai. Rabonsa da garin tun ana hawa acaɓa, abin da aka hana tun farkon 2013. Bai ga gadar Ƙofar Nasarawa ba, bai ga yadda aka mayar da shataletalen Ɗangi ba, amma in abokin tafiya ya ce a tambayi hanya sai ya harare shi. Da gangan yake tasowa da yamma, wai tafiyar dare ta fi sanyi. Sai ya sauka ƙarfe goma sha ɗaya yake jin labarin cewa a 2022 gwamnati ta hana 'yan Adaidaita Sahu aiki daga goma na dare zuwa shida na safe. Duk abin hawan da ya samu a wannan lokacin, mai shi ne ke yanka farashi, Sarkin Sani kuma ya biya yana cewa ai dama ya san haka ake yi.

Kishiyarsa shi ne mai tsoron kowa. Tun daga gida an cika masa kunne, ya iso da yaƙinin cewa duk wanda ya yi masa sallama ɗan damfara ne. Kuɗinsa kashi huɗu: lalita, safa, cikin hula, da wani ƙulli da matarsa ta ɗinke masa a ƙugun wando. Ya rungume jaka a ƙirji, kowane taku goma sai ya shafa wuraren nan huɗu bi da bi, yadda ko makaho zai gane akwai kaya a jikinsa. Ba zai tambayi mai shago ba, ba zai tambayi ɗan sanda ba. Don gudun cunkoso sai ya bar titi mai fitila da jama'a ya faɗa lungu, inda ba kowa sai ainihin waɗanda yake gudu.

Na zamani shi ne mai waya a hannu. Ya zauna a bakin Adaidaita Sahu, ya miƙo wayar waje yana ɗaukar hoton gari, yana sanar da duniya ya shigo Kano. Ƙwacen waya kuwa ba labarin ƙanzon kurege ba ne a garin, Kanawa da kansu sun sha kuka da shi. Abin tausayin, rayuwarsa kaf tana cikin wayar: lambar mai masaukinsa, kwatancen gidan, asusun bankinsa. In ta tafi, ko lambar matarsa bai haddace ba. Da ya rubuta lambobi biyu a takarda ya sa a aljihu, da ya ari wayar mai shayi ya kira. Irinsa ne a wurin mai POS yake karanta lambar sirrinsa a fili yana dannawa, wai don kada ya yi kuskure.

Mai son banza ya fi ba ni tsoro, don nasa kuskuren ba ya gyaruwa da dariya. Ya ji kuɗin mota a cikin tasha, ya ce an yi tsada, ya ja jaka ya fita bakin titi ya tare wadda ta rage masa ɗan abin da bai kai kuɗin abincin rana ba. A tasha ana rubuta sunan fasinja da lambar wani nasa kafin mota ta tashi, an san direban, an san motar. Ta bakin titi ba wanda ya ga shigarka. Mutanen Abuja sun san abin da ake kira wan-cans, motar da duk fasinjojinta ma'aikata ne sai kai kaɗai.

Maganar wurin kwana ita ce ke tona halin kowa. A da bafatake yana da fatoma, mai gidan da zai sauke shi, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da masu saye, ya tsaya masa in rigima ta taso. Yau abin da ya rage wa wasu shi ne, "Ai ina da ɗan'uwa a Kano." Ina yake? A Kurna. Ina a Kurna? Kusa da masallaci. Bai sanar da zuwansa ba, don a ganinsa zumunci bai buƙatar sanarwa. Ya kira, wayar a kashe. Ya sake kira, wata mata ta ɗauka ta ce ita ba ta san mai wannan suna ba. Magariba ta yi masa a bakin titi da buhun gero na tsaraba, yana tambayar masu wucewa ko sun san wani dogo baƙi ɗan garinsu.

Mai neman araha shi kuma yaron da ya tare shi a ƙofar tasha yake bi, wanda ya rantse masa akwai ɗaki mai kyau nan kusa. Yaron yana da la'ada a kan kowane baƙo, kuma daga aljihun baƙon za ta fito. A biya tukuna, in ji na kan kanta, sannan a ba da makulli. Ɗakin na ƙarshen wani siririn lungu. Sakatar ƙofar ƙusa ce aka lanƙwasa. Fanka na juyawa da ƙara kamar injin markaɗe, iska kuwa babu. A bango, daidai kan gado, ga ɗige-ɗigen jini inda baƙin da suka gabata suka yi yaƙi da kuɗin cizo. Bokitin banɗaki ya tsage, an like shi da leda. Ya tambayi ruwa, a ce mai kawowa ya tashi. Ƙarfe goma sha biyu janareto ya mutu, kiɗan maƙwabta kuma bai mutu ba. Haka zai kwana zaune a kan jakarsa, takalmi a ƙafa, da asuba ya fito yana cewa ai dai ya yi tattali.

Wani ya ce shi masallaci zai kwana, ya tarar an kulle bayan lisha, ya ƙare a bencin mai shayi. Gaskiya bai yi asara sosai ba: akwai fitila, akwai ido, mai shayin kuma gobe ma a nan za a same shi. Wani kuma jarinsa bai taka kara ya karya ba, amma sai otal ɗin Nasarawa ko Bompai, don a ji a gida. Kwana biyu, kuɗin ɗaki da na zirga-zirga zuwa kasuwa sun cinye ribar da bai kai ga samu ba.

Duk wanda ke son ya koyi sauka a tasha, ya zuba wa Hajiya 'yar kasuwa ido. Da sassafe take tasowa don ta shigo da rana tsaka. Jakarta tsohuwa ce, ba mai yi mata kallo biyu. Ɗan kamasho ya miƙo hannu, ta ce, "A'a ɗan nan, bar shi, na gode," ba ta ko rage tafiya ba. Malam Ashe-Kai-Ne ya ce ya san ta, ta ce, "To madalla, ka gaida gida." In tana neman kwatance ba ta tambayar mai yawo, wurin mai rumfa take zuwa, wanda ke da kaya a baje da suna a wurin. Masaukinta a Fagge yake, don ta taka da ƙafa zuwa kasuwannin Kwari da Singa, kuma tun kafin ta baro gida ta kira an ajiye mata ɗaki. Duk da haka ba ta biya sai ta gani. Ta murɗa famfo, ta ɗaga katifa ta duba ɗinkinta, ta gwada sakata, ta leƙa ta ga ko akwai mai gadi da wata ƙofar fita. Sannan ta kira ɗanta ta gaya masa sunan wurin da lambar ɗakin, da ƙarfi, yadda na kan kanta zai ji. Kuɗin sari suna banki, na hannunta ba su wuce na abinci da na dako ba.

Rauninta guda ne. Ranar komawa, an gama lodi, kaya sun hau, ta zauna a kujerar da ta zaɓa, sai ga mai magani ya leƙo ta taga da ƙullin garin da ke warkar da basir da sanyin ƙashi da ciwon haƙori da mantuwa. Hajiyar da ta gagari tasha guda sai ta gyara zama ta ce, "Malam, na ciwon gwiwa fa?" Ya ce ai shi ne asalin aikinsa. Ta sayi ƙulli uku, ta sa ya yi mata gyara da na huɗu.