Zuwa ga Bawana na Zazzau, Mai Mota Cikin Leda

Bawana, gaisuwa irin ta ubangida ga yaronsa. Ina fata iyali suna lafiya, ina kuma fata har yanzu ana ɗora tukunya a gidan, don labarin da ya iso mana Kano bai nuna an bar komai a aljihu ba. An ce ka ɗauki motarka baƙa wul, mai sheƙin da mutum zai tsaya ya gyara zaman hularsa a jikin ƙofarta, ka tuƙa ta har Abuja, ka biya kuɗi aka kashe mata sheƙin. Masu kawo labarin ba su gama rufe baki ba sai ga hoto ka turo da hannunka, ka jingina da ita, ka karkata hula, har da rubutu a ƙasa da Turancin nan naku na Samaru wanda sai an nemo ƙamus.

Bari ni in yi wa masu karatu bayani, don in aka bar su da kai sai a kira magariba ba ka sauko daga gabatarwa ba. Abin da aka yi wa motar ba fenti ba ne. Wata leda ce ta roba mai taushi, ana ganin abin da ke ƙarƙashinta, kaurinta wajen milimita 0.2, wato ta fi kaurin fentin da kamfani yakan fesa wa mota tun daga shafin farko har na ƙarshe. Ana manna ta ne don in tsakuwa ta yi tsalle ko ƙaya ta karta, ledar ta sha dukan, fenti ya tsira. Akwai mai sheƙi, wadda in an manna ba ka ma sanin tana nan. Akwai kuma marar sheƙi, wadda ba ta mayar da haske sai dai ta watsa shi, launin mota ya kwanta ya yi shiru. Ita bawana ya zaɓa. Mota ta fito kamar gindin tukunyar da aka sauke daga murhu toka ta huce a kanta, shi kuwa yana ta washe baki.

Asalin ledar ma ba don kwalliya aka yi ta ba. A yaƙin Vietnam, cikin shekarun 1960, yashi da tarkace suna cinye bakin farfelar jiragen Amurka masu saukar ungulu, sai kamfanin 3M ya samar wa sojojin wannan roba suna liƙawa. Daga can ta gangaro hannun masu tseren motoci, sannan ta shigo kasuwa. Yau akwai XPEL na birnin San Antonio a jihar Texas, masu wadda suke kira Stealth, akwai SunTek, akwai STEK. Abin da aka ƙera don jirgin yaƙi ke nan Bazazzagi ya naɗe motar da iyakar yawonta daga Tudun Wada zuwa Kwangila, sai ran Juma'a a leƙa cikin birni. Ban yi mamaki sosai ba. Jikokin Sarauniya Amina ne ku, duk inda kuka ya da zango sai kun zagaye shi da ganuwa. Garuruwa sun ƙare, an komo kan mota.

Zan ba ka gaskiyarka guda ɗaya, ka riƙe ta da kyau don ba kullum nake rabo ba. Duk wanda ya taɓa bin bayan tifa mai tsakuwa tsakanin Tashar Yari da Kwanar Ɗangora ya san ƙarar nan, ƙas, a kan bonet, ya kuma san ɗan farin tabon da take bari, wanda in damina ta same shi sai tsatsa ta kama. Ledar tana tare wannan, ba musu. Mai kyau daga cikinsu ma tana da wani hali: ɗan karce na sama-sama, in rana ta buge shi ko aka zuba masa ruwan ɗumi, sai ya shafe da kansa. Rana kuwa ba mu da ƙarancinta, a watan Afrilu har sauƙi muke roƙo.

To amma tsakuwa gaban mota take duka. Bakano da ya san zafin nema zai sa mai sheƙi a bonet da bamba da fenda biyu da bayan madubai, ya karɓi canjinsa ya wuce kasuwa. Kai da ka ce sai marar sheƙi ka toshe wa kanka wannan hanya, don ita ba a yin rabi da ita. In gaba ya dushe baya yana walƙiya, kowa zai ce motar haɗin gambiza ce. Dole aka bi ta kaf, ƙofofi huɗu, but, har rufin da tsakuwa sai ta yi fiffike za ta hau. A Amurka irin wannan aiki yakan tashi daga dala 5,000 zuwa sama. Na tambaye ka naka nawa, ka ce wai ba maganar kuɗi ba ce, harka ce ta wayewa. Mu nan in muka ji an ce ba maganar kuɗi ba ce, mun san kuɗin sun kai waɗanda ba a so uwargida ta ji.

Ƙanenka da ya raka ka, Allah ya yi masa albarka, shi ya zayyana mini yadda aikin ya gudana, kuma nan ne na yi dariya har da riƙe ciki. Kafin a manna komai sai da aka wanke motar, aka cire kwalta da ƙurar ƙarfen birki, aka bi jikinta da wani yumɓu na musamman mai tsince dattin da sabulu ba ya fitarwa, sannan aka sa inji aka goge fentin. Dole ne a yi hakan, don duk ƙwayar ƙura ko tabon da aka rufe a ƙarƙashin ledar ya zauna ke nan har ranar da za a ɓare ta. Shi ya sa ma ake aikin a ɗaki rufe, ba a bakin titi ba. Yaron ya rantse mini bai taɓa ganin motar tana ɗaukar ido kamar a wannan sa'a ba. Ka tsaya kana kallo, ka biya kuɗin fito da sheƙi, ka juya ka biya kuɗin binne shi.

Sauran aikin na haƙuri ne, kuma na yaba wa masu yi. Kwamfuta ce ke yanka ledar daidai da siffar kowane sashe na irin motar. Sai su fesa ruwa mai ɗigon sabulun wankan jarirai a jikin mota da cikin ledar, don ta riƙa zamewa har su daidaita ta. Sannan su bi da 'yar robar hannu suna koro ruwan daga tsakiya zuwa gefe, layi bayan layi, su lanƙwasa bakin ledar ya shige bayan ƙofa don kada ƙura ta sami wurin kamawa. Bamba ce mai ba su wuya saboda lunguna. Da aka gama aka ce kada ruwan wanki ya taɓa ta sai bayan kamar mako, kuma 'yan ƙurajen ruwan da ke ƙarƙashi za su bushe da kansu. An ce kai har ka ciro allura daga aljihu za ka taimaka musu, sai da mai aikin ya riƙe maka hannu. Bazazzagi ke nan, ko a aikin da bai taɓa gani ba sai ya yi gyara.

Akwai kuma maganar da ka tsallake a hoton. Tun da ka sayo motar nan kake cika mana baki cewa fentin kamfani ne, ko kaza ba ta taɓa gogar ta ba. Sai mai aikin ya ɗora 'yar na'urar auna kaurin fenti a ƙofar baya ta hagu, lamba ta yi sama, ya ɗago ya dube ka. Ashe akwai bodi fila a ƙasa. Ba abin kunya ba ne, motoci da yawa da ake kawo mana daga Amurka daga gwanjon waɗanda suka yi hatsari suke fitowa, a gyara a fesa. Matsalar ita ce fentin da aka sake ba lallai ya kama ƙarfe kamar na kamfani ba, ranar da aka zo ɓare ledar yana iya biyo ta. Masu aikin kirki sukan faɗa wa mutum haka tun da wuri, kuma in fentin sabo ne sukan ce a jira wata guda ko fiye ya gama bushewa. Sun faɗa maka, ka ce a manna. Mu dai Allah ya ba mu tsawon rai mu ga ranar.

Ka dawo Zariya kana jiran tafi. Gwaggonka ta leƙo ta dube ta, ta dube ka, ta ce Allah ya kiyaye gaba, ai tunda kai ka fita lafiya ƙarfe ba komai ba ne. Maƙwabcinka ya tambaya yaushe mai fentin zai ƙarasa. Ni kuma tawa tambayar, me ya hana ka kawo mini ita cikin watan Janairu? Da na ajiye maka ita a bakin Ƙofar Ruwa kwana biyu, hazon hunturu ya yi maka wannan launi daidai, har da gilashi da taya a kyauta.

Wanda na fi tausayawa shi ne yaron wajen wankin mota. Shi a iya saninsa mota mai tsabta ita ce mai sheƙi. Ya wanke, ya tsane, ya ja da baya, ya ga abu ya ƙi tashi. Ya sake wankewa, shiru. Sai ya ce bari ya kyauta wa Alhaji, ya ɗauko man goge mota da tsumma ya dage a kan bonet yana murzawa, gumi na zuba. Kai kana can kan benci kana koya wa masu jira yadda za a gyara tattalin arzikin ƙasa. Ko da ka waiwayo, ga wani fili da ya kai faɗin tafin hannu yana ƙyalli a tsakiyar bonet, yaro yana murmushi yana jiran tukwici. Wannan kuwa rana ba ta gyara shi, don man goge yana cike 'yan ƙananan ramukan da ke hana fuskar ledar sheƙi, murza kuma tana baje su. In abin ya yi nisa sai dai a ɓare ta bonet ɗin duka a sa sabuwa. An ce Turancin da ka yi a wurin ko a zauren taro na jami'a ba a taɓa jin irinsa ba.

Tun daga ranar kai ne mai wanki. Sabulu na musamman marar kaifi, tawul mai laushi, a inuwa, a tsane nan take don kada ruwan burtsatse ya bushe ya bar zane, tunda ba damar gogewa. Injin feshi kuma nesa da bakin ledar, kada ya ɗaga ta. Ba a ajiye ta ƙarƙashin darbejiya saboda kashin tsuntsaye da na jemagu, ga shi kuma kana tsoron barin ta a rana. A gidan mai kai ne ke fitowa da tsumma kana gadin ɗigon fetur. Wanda ya ci tsire ba ya taɓa ƙofa sai ya nuna maka hannunsa. Yaran gida da suke jingina da motar suna hira yanzu sai daga nesa. An sayo ledar don ta tsare mota, ga shi mai motar ya zama maigadin leda, ba albashi ba hutu.

Ka kuma daina kaɗa mana takardar garanti. Manyan kamfanonin sukan ba da shekara 10, amma a kan ledar ta yi rawaya, ko ta tsage, ko ta kumbura, ko ta saki da kanta. Babu inda aka rubuta adaidaita sahu. Ranar da ɗan sahu ya kutso ta gefenka a PZ ya shafi fenda da ƙarfen bayansa, leda za ta yage, ƙarfe zai lotsa, ya leƙo ya ce yi haƙuri Alhaji, ya ƙara wuta. Sannan garantin ma sai in ledar ta ainihi ce. Akwai ta bogi mai arha wadda rana ke mayarwa rawaya ta farfashe, gam ɗinta ya ƙi fita. Ka nemi shaidar sunan kamfanin da lambar naɗin, ko ka tsaya ɗaukar hoto?

In kuma ranar sayarwa ta zo, Kano za ka kawo ta, ina kuma za ka kai? Dillali zai zagaye ta, ya sa farce a bakin ledar, ya ce Alhaji me aka rufe a nan? Za ka fara ba shi tarihin yaƙin Vietnam, shi kuwa yana rage farashi.

Kuɗin sharar bana ba ka aiko ba, na bara ma shiru, kuma yanzu na san inda suka shige. Na yafe rabi. A madadin sauran, ka turo mini motar ranar Asabar da tanki cike. Ina da buhunan gero a Dawanau da jarkar manja biyu, sai ragon sunan ƙanwata da za a ɗauko daga Wudil. Ragon yana da ƙaho, amma ai ka ce ba abin da ke karce ta.