Lambar da Ta Ƙi Rabon Gado

Lambar 2,147,483,647 ana samun ta ne idan aka jera biyu har guda 31, aka ninka su da juna, sannan aka cire ɗaya. Wannan ɗayan da aka cire shi ya ɓata mata hali. Mara ce, ba cika ba, kuma ba ta rabuwa daidai sai da ɗaya ko da kanta. Wanda ya mutu ya bar naira daidai wannan adadi ya bar wa mai rabon gado aiki, domin ko magada nawa ne, sai an nemo canji.

Ita ce ta takwas a jerin lambobin Mersenne marasa rabuwa, waɗanda aka laƙaba wa sunan wani limamin Kirista Bafaranshe. Leonhard Euler ya tabbatar da taurin kanta a 1772, ba tare da kwamfuta ba.

Kwamfutar ce ma ta fi shan wahalarta. Tsofaffin tsare-tsare masu bit 32 a nan ƙidayarsu take tsayawa. Agogon da ke lissafa daƙiƙoƙi tun 1 ga Janairun 1970 zai kai wannan adadi ranar 19 ga Janairun 2038, daga nan ya wayi gari a Disambar 1901, kamar ba a yi komai ba.