Don Allah Na Zo

Daga Ƙanƙara zuwa Faskari har Sabuwa, in damina ta kankama ciyawa ta fi ƙarfin mai gona, sai a kira gayya. Maƙwabta su fito da fartanya da garma, mai gangar noma yana zuga su, kafin azahar an gama noman masarar da mutum ɗaya zai yi mako yana fama da ita. Ba a biyan kowa ko sisi. Duk wanda ka tambaya, cewa zai yi don Allah ya zo.

Ba mu musa ba. Amma akwai mai isowa daidai lokacin da aka sauke ƙwaryar fura, fartanyarsa a kafaɗa ko ƙasa ba ta taɓa ba. Shi ne kuma mai cewa nonon ya yi tsami.

Mai gona ba ya rubuta sunan kowa. Kai dai ƙi zuwa, bayan shekara bakwai ka aiki yaro aron amalanke. Sai ka ji: "Ka gai da babanka, ka ce shanun sun gaji." Shanun kuwa tun safe suna inuwa suna tuƙa.