Horon Barci a Gidan Haya

A 1985 wani likitan yara na birnin Boston a Amurka, Richard Ferber, ya fitar da littafi kan barcin jarirai. Dabararsa a takarda ba wuya: ka kwantar da yaro idonsa biyu, ka fita. In ya yi kuka ka jira minti uku, ka leƙa ka lallashe shi da baki ba tare da ka ɗauke shi ba, sannan minti biyar, sannan goma, har ya saba yin barci da kansa. Akwai kuma dabarar kujera, inda kake zama gefen gado, kowane dare kana matsawa wajen ƙofa. Wannan ba ta mu ba ce, don a ɗakinmu matsawa biyu ta kai ka tsakar gida.

Yaronmu ya haura wata shida, ya mai da dare rana, ni kuma ina gyangyaɗi a wurin aiki. Da ƙyar na shawo kan uwargida mu gwada dabarar Ferber. Sai dai gidan haya muke, kuma Hajiyata ta zo mana daga ƙauye.

Bayan Isha'i muka kwantar da shi, na saita agogon waya, na laɓe bayan labule. Ya tsandara ihu. Minti ɗaya, uwargida ta fara matsar ƙwalla. Minti biyu, maƙwabciya ta buga bango: "Maman jariri, lafiya? Ko kunama ce?" Uku ba ta cika ba sai ga Hajiya da tocila, carbi na lilo a wuya.

"Wa ya taɓa min miji?"

"Hajiya, horo ne. Likita ne ya ce..."

"Likitan ne ya ce ka tsaya kallon waya yaro na shiɗewa? Kai da na goya shekara biyu, wane agogo na duba?"

Kafin in haɗa amsa falo ya cika. Wannan ta kawo man zaitun, waccan habbatus sauda, wata ta rantse kambun baka ne. Malam na ɗakin zaure ya shigo da bisimilla. Hajiya ta saɓa yaron a baya, ta ja majanyi ta ɗaure, jijjiga kaɗan ya yi luf, har da minshari.

Ba wanda ya tafi. Hira ta koma kaina, ana ƙus-ƙus ana satar kallona, ni kuwa wayar na hannuna tana ƙarar cikar minti goma.

Da safe almajirin Malam ya yi sallama da rubutu a gora. Na ce a ba yaron cokali nawa?

"Ba na yaron ba ne, Yallaɓai. Malam ya ce naka ne, ka sha ka shafa."