Ɗaliban Ungozoma a Gaban Kwamfuta

Tun da JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015, muka zaci da an samu gurbin karatu an rabu da ita. Ashe tana nan tana jiranmu a ƙofar fita, don Hukumar Nas-nas da Ungozoma ta Najeriya ma da kwamfuta take jarrabawar ba da lasisi. Duk wanda ya zauna da ɗaliban makarantar ungozoma ta Dambatta a makon jarrabawa zai ga hali iri-iri.

Akwai Mai Hadda. Tun daga islamiyya ba a taɓa kayar da ita ba. Tambaye ta alamomin jijjiga, ta zubo maka shafi uku har da waƙafi. Damuwarta ɗaya: kwamfuta ba ta son bayani. A, B, C ko D, shi ke nan. Sai ta ga biyu duk daidai ne, ta zauna tana musu da allo a zuci har lokaci ya tafi.

Sai wadda na fi tausayawa, Mai Tsoron Linzami. Yarinyar nan daga wani ƙauye take can wajen Kunci, ta sha karɓar haihuwa da fitilar waya, ta yanke cibiya hannunta ko rawa bai yi ba. Amma a ɗora mata hannu kan linzamin kwamfuta, sai ka ce kunama aka ba ta riƙo. Ta tura shi dama, kibiya ta ɓace. Ta ɗaga shi sama tana leƙa ƙasansa. Gumi har ya jiƙa hijabi. Da za ta auna jininta a lokacin, da kanta za ta ba wa kanta gado.

'Yar TikTok kuwa dariya take musu, wai ita da waya aka haife ta. Ranar farko da yatsa ta dinga shafa allon, tana mamakin abin da ya hana shi motsi.

Mai Rubutu ta sha na Malam kofi biyu tun asuba, ta shafe fuska da ragowar, har linzamin sai da ta tofa wa addu'a. Ba laifi, amma littafin yana ƙasan akwati tun watan jiya. Ƙawarta 'Yar Canki ta riga ta yanke hukunci: duk abin da ya gagara, C ne.

A bakin ƙofa za ka ji wata tana cewa, "Wallahi ruwa ce!" Kada ka saya. Wadda ta fito shiru ta ce, "Sai dai addu'a," ita ce za ta cinye.

Malamai, don Allah ku riƙa zaunar da yaran nan gaban kwamfuta ko sau ɗaya a mako tun daga aji ɗaya. Mai Tsoron Linzami ta san aikinta, hannunta ne kawai bai saba ba.