Babu Tambaya, Ranka Ya Daɗe

Mu dai Allah Ya hore mana baki, amma akwai ɗaki guda da ke ɗaure mana harshe. An tura takardu, an zauna jarrabawa a kwamfuta, an tsallake intabiyu na farko da na biyu, ga shi an kai na ƙarshe gaban manya. Duk abin da suka jefo an cafe. Sai shugaban zaman ya ce, to, ko kana da tambaya? Nan take mu sunkuyar da kai mu ce, "Babu, ranka ya daɗe, ai kun gama bayani." Bayanin da ko farawa ba a yi ba!

Mu ne fa ba ma sayen shadda a Kantin Kwari sai mun ɗaga ta a rana, mun murza, mun taya, mun yi kamar za mu tafi an kira mu. Yadi biyar ke nan. Amma wurin da za mu zuba ƙarfin ƙuruciyarmu, shi kam a ƙudundune muke karɓarsa.

Kuma tambayoyin suna nan fal a ciki. Muna fitowa sai wajen maigadi: "Baba, sannu da aiki, nan kuwa suna biya a kan kari?" Daga nan mai shayin bakin ƙofa, sai ƙanin abokin yayanmu da ya yi bautar ƙasa a wurin, kafin magariba mun haɗa tarihin kamfanin kaf daga bakin kowa ban da masu shi. A gida Hajiya ta ce nawa ne albashin, mu ce ai ba a tambayar wannan, ita ma ta gyaɗa kai ta ce gaskiya ne, kada su ce kwaɗayi ya kai ka. Maza na son sanin ko ana sakin mutum ya samu sallar Juma'a, mata na son jin ƙarfe nawa ake tashi da zancen hutun haihuwa, duk mu haɗiye, mu bar wa Allah. Akwai kuma 'yan'uwanmu da suka haddace tambaya guda daga intanet, wai ina kamfanin zai kai nan da shekara biyar, su zuba ta da Turanci mai kyau, ana ba su amsa hankalinsu na kan kuɗin motar komawa.

Na san inda abin ya samo asali. An tarbiyyantar da mu a kan cewa yaro ba ya titsiye babba, ga aiki ya yi wuya, wanda ya shekara uku yana yawo da fayil ba zai so baki ya yanka masa wuya a ranar ƙarshe ba. Sai dai tun ran gini ran zane, kuma akwai tambayoyin da ladabi bai hana ba.

Babbar cikinsu: wa zai ɗauke ni? A bankuna da kamfanonin sadarwa, da yawa daga masu zama a kanta ma'aikatan kwantiragi ne da wani kamfanin daban ya kawo, kaya iri ɗaya da na dindindin, albashi da haƙƙoƙi kuwa hannun riga. Sai lokacin gwaji, wata nawa ne, kuma me ake dubawa kafin a tabbatar da mutum? Kuɗin da aka ambata, kafin a cire haraji da fansho ne ko wanda zai shigo hannu? Dokar fansho ta 2014 ta ce mai ɗaukar aiki ya zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8, to wanda ya tambaya ko ana zubawa, haƙƙinsa ya tambaya. Dokar ƙwadago ma ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa. Ga kuma wurin zama, don mutum nawa ne suka yi murna a Kano, takarda ta fito Fatakwal? Ni wadda na fi so ita ce: wanda ke kan kujerar nan kafin ni, ƙarin girma ya samu ko ajiyewa ya yi? Matambayi ba ya ɓata, kuma amsar wannan kan nuna halin gida fiye da duk abin da aka liƙa a bango.

Mu da muka girma har muka koma ɗaya ɓangaren teburin ma ba mu tsira ba. Muna cewa ko kana da tambaya, ido na kan agogo, ciki na kiran abincin rana. In yarinya ta daure ta tambayi fansho da inshorar lafiya, sai mu yi ta gyaran murya muna tura wa juna amsa, tana fita mu ce kai, wannan idonta a buɗe yake, sannan a yi ta gardamar sashen wa za a kai ta, kowa na cewa nasa.